Lana Lubany da Larabcin da Ya Shiga Tsakiyar Waƙar Turanci

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina magana da ku ne daga titin Edgware da ke tsakiyar birnin Landan, titin da duk Bahaushen da ya taɓa yawon neman abincin halal a garin nan ya san shi. Ku dubi allunan shagunan da ke bayana, kusan kowanne yana ɗauke da rubutu iri biyu, Larabci a sama da Turanci a ƙasa, domin 'yan Labanan da Masar da Iraƙi sun daɗe da kafa kasuwancinsu a nan. Idan mutum ya tsaya ya saurari samari da 'yan matan da ke wucewa, zai ji suna fara magana da Turanci su ƙarasa ta da Larabci, ba tare da sun lura sun sauya harshe ba. Wannan ne ya sa na kawo ku nan, domin mawaƙiyar da zan yi magana a kanta ta gina sana'arta ne a kan irin wannan magana.

Sunanta Lana Lubany, Bafalasɗiniya ce mai jinin Amurka ta wajen kakarta, kuma ta tashi ne a Yafa, tsohon garin nan na bakin teku da aka haɗe shi da Tel Aviv a 1950. Iyayenta Falasɗinawa ne Kiristoci masu asali da Nazarat. Na san wannan zai ba wasu daga cikinmu mamaki, saboda mu da muka fara jin Larabci a makarantar allo da Islamiyya mun saba ɗaukarsa harshen ibada da karatu. Amma ga miliyoyin mutane, Musulmi da Kirista, shi ne harshen da uwa take yi wa ɗanta faɗa da shi, kuma da shi ake ciniki a kasuwa. Larabcin da Lana take waƙa da shi na gida ne, karin harshen Falasɗinawa, wanda ɗalibin da ya ƙware a nahawu zai iya ji ya kasa kama rabinsa.

Da ta fara waƙa, da Turanci zalla take yi. Ta taho Landan ta yi karatun waƙa, tana rubutawa tana sakewa a intanet kamar dubban matasan da ke garin nan, kuma waƙoƙin ba su yi wani tasiri ba. Ban ga laifinta ba, domin a wancan lokacin abin da aka yi imani da shi a masana'antar shi ne, wanda yake son duniya ta saurare shi to ya yi Turanci, wanda kuma yake son Larabawa su saurare shi to ya nufi Alƙahira ko Bairut, ya yi waƙa da karin harshen Masar ko na Labanan, a ƙarƙashin manyan kamfanoni irin su Rotana. Yarinyar da ta tashi da harsuna biyu a bakinta ba ta da gurbi a ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, sai dai ta ajiye rabin kanta a gida.

Abin ya sauya ne a 2022, lokacin da ita da furodusanta Ben Thomson suka fitar da waƙar THE SNAKE, wadda ta gauraya harsunan biyu a cikinta. Ba kamfani ne ya tallata ta ba. Wani gajeren bidiyo ne da ta ɗora a TikTok, inda take kunna wa mahaifiyarta waƙar, shi ya bazu har miliyoyin mutane suka kalla. Na kalli bidiyon nan sau da yawa, kuma a ganina abin da ya ja hankalin mutane bai wuce fuskar uwar ba, a daidai lokacin da ta ji harshenta ya fito daga cikin kiɗan da ta saba ji da Turanci. Duk wanda yake renon yara a ƙasar waje, yana yi musu Hausa suna mayar masa da Turanci, zai gane wannan fuska ba sai an yi masa bayani ba.

Ya kamata in tsaya a kan yadda take haɗa harsunan, domin a nan ne na fi ganin ƙimarta. Haɗa Larabci da Turanci a waƙa ba sabon abu ba ne, tun a 1999 mawaƙin Birtaniya Sting ya yi waƙa tare da Cheb Mami na Aljeriya, kuma duniya ta karɓe ta. Sai dai a yawancin waƙoƙin Turawa da aka sa wa Larabci, ana barbaɗa shi ne kamar yaji a kan tsire, a kawo wata murya mai lanƙwasa daga nesa domin a ba mai sauraro ƙamshin hamada, alhali ma'anar waƙar gaba ɗaya tana cikin Turancin. Idan aka cire Larabcin babu abin da zai ragu. A waƙoƙin Lana kuwa, idan ka cire Larabcin labarin ya yanke, domin tana ɗora masa nauyin magana daidai da na Turancin, kuma takan tsallaka daga wannan zuwa wancan ba tare da ta yi wa kowa fassara ba. Wanda ba ya jin Larabci dole ya yarda cewa akwai ɗakin da ba a buɗe masa ba, sai ya tashi ya nemi ma'ana da kansa.

Aikin kuma yana da wuya fiye da yadda ake zato. Larabci yana da haruffan maƙogwaro irin su ainun da ha mai kauri, waɗanda ke buƙatar mawaƙi ya sauya yadda yake riƙe numfashi, kuma dogon wasali da gajere suna sauya ma'anar kalma, kamar dai yadda yake a Hausa, saboda haka ba a jan gaɓa yadda aka ga dama don kawai ta dace da kiɗa. Ga kuma tsarin maƙam na kiɗan Larabawa, wanda wasu nau'o'insa suke da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu, wato sautin da fiyanon Bature ba shi da shi sam. Mai son haɗa waɗannan da kiɗan zamani na kwamfuta sai ya zaɓi abin da zai ɗauka da abin da zai bari, kuma idan ya yi kuskure kaɗan sai Balarabe ya ji abin ya zama kwaikwayo, Bature kuma ya ji kamar an saki layi.

Bayan wannan waƙa ta fitar da ƙaramin kundi mai suna THE HOLY LAND a 2023, sannan wani mai suna YAFA a 2024, wanda ta raɗa wa sunan garinsu. Ta kuma yi rangadi tana buɗe wa wasu mawaƙa fage, ciki har da Saint Levant, wanda shi ma Bafalasɗine ne mai waƙa da Larabci da Turanci da Faransanci.

Yanzu na baro titin, ina tsaye a ƙofar wani ƙaramin ɗakin wasa, irin wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗari biyu ko uku, domin in nuna muku inda gizo yake saƙa. A irin waɗannan ɗakuna ne mawaƙa masu zaman kansu irin Lana, wato waɗanda ba sa ƙarƙashin wani kamfani, suke fara haɗuwa da masu sauraronsu ido da ido. Kwanakin baya na shiga nan kallon wata matashiyar mawaƙiya da ba ta riga ta yi suna ba, kuma abin da na gani bayan an tashi ya fi tsaya mini a rai fiye da wasan kansa. Ta sauko daga dandamali da gumi a goshinta, ta zagaya bayan wani ɗan tebur da ke kusa da ƙofa, ta shiga sayar da riguna masu sunanta da hannunta, tana miƙa 'yar na'urar karɓar kuɗi ta kati, tana kuma tambayar kowa girman rigar da yake sawa. Da mutane suka watse, ita da mai kiɗanta suka naɗe wayoyi suka ɗauki akwatuna zuwa tashar jirgin ƙasa. Wannan shi ne zaman kai a aikace, kuma ba ya fitowa a bidiyon TikTok.

Ga yadda lissafin yake. A tsohon tsari kamfani yakan ba mawaƙi kuɗi tun kafin aiki, ya biya situdiyo da talla, sannan ya mallaki asalin faifan da aka naɗa. Kuɗin nan bashi ne da ake cirewa daga kason mawaƙin, kason da sau da yawa ba ya kai ɗaya bisa huɗu, shi ya sa ake samun wanda waƙarsa ta zagaya duniya amma aljihunsa wayam. Ƙorafin ya yi yawa har wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya yi bincike a kai, ya fitar da rahoto a 2021 yana neman a sake tsarin rabon kuɗin sauraro ta intanet daga tushe. Mai zaman kansa kuwa yakan biya kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore kuɗi kaɗan su ɗora masa waƙa a Spotify da Apple Music da Anghami, faifan ya zauna a hannunsa, sannan ya yi rajista da ƙungiyar marubuta waƙa ta Birtaniya mai suna PRS for Music domin karɓar haƙƙinsa na marubuci duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko aka rera ta a bainar jama'a.

A baki abin yana da daɗi, amma ƙiyasin da aka saba ji shi ne sauraro miliyan ɗaya a Spotify yana kawo tsakanin dala dubu uku zuwa dubu biyar, kuma adadin yana raguwa idan masu sauraron suna ƙasashen da kuɗin rajista yake da arha. Daga cikin wannan za a biya furodusa, a ɗauki bidiyo, a biya haya a birni mai tsada irin Landan. Tun daga 2024 ma Spotify ta daina biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro dubu ɗaya a shekara ba. Ɗakunan wasan su ma suna rufewa, domin ƙungiyar Music Venue Trust mai kare ƙananan ɗakunan wasa ta ce a 2023 kaɗai ƙananan wurare 125 ne a Birtaniya suka rufe ko suka daina karɓar mawaƙa. Saboda haka mawaƙiya irin Lana dole ta zama marubuciya da 'yar talla da mai shirya bidiyo a lokaci guda, kuma dole ta riƙa ciyar da manhajojin sada zumunta kullum, in ba haka ba a manta da ita.

Duk da haka ina da yaƙinin cewa da tana ƙarƙashin babban kamfani a lokacin da ta rubuta waƙar da ta fito da ita, da wuya waƙar ta fita a yadda take. Da an zauna a ofis an ce a rage Larabcin don kada ya kori Turawa, ko a mayar da shi karin Masar don ya shiga kasuwar Larabawa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta kai waƙar kai tsaye gaban jama'a, jama'ar kuma suka nuna akwai masu jiran irinta, musamman 'ya'yan Larabawan da suka tashi a Turai da Amurka suna jin ba su cika Larabawa ba kuma ba su cika Turawa ba.

Ga mawaƙiyar da ta fito daga Falasɗinu akwai wani dalili da ya fi na kasuwa nauyi. Nemahsis, wata Bafalasɗiniya mai sanya hijabi da ta tashi a Kanada, ta bayyana cewa kamfanin da ta ƙulla yarjejeniya da shi ya rabu da ita a watan Oktoban 2023 saboda matsayinta a kan Falasɗinu. Ta fitar da kundinta da kanta a 2024, kuma a 2025 ta lashe kyaututtuka biyu na Juno, waɗanda su ne mafi girma a fagen waƙa a Kanada. Wanda faifansa yake hannunsa ba ya kwana da fargabar cewa gobe za a kira shi a waya a ce an jingine aikinsa saboda ya ambaci sunan garinsu.

Manyan kamfanoni kuma sun riga sun farga. Alƙaluman IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, sun nuna kasuwar waƙa ta Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ta ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a 2021, fiye da kowane yanki a duniya, sannan ta sake zama kan gaba a 2024 da kashi 22.8. A 2021 aka kafa Universal Arabic Music, wanda a ƙarƙashinsa ne mawaƙiya Elyanna, ita ma mai jinin Falasɗinu, ta zama ta farko da ta yi cikakken wasa da Larabci a bikin Coachella na Amurka a 2023. Na yi farin ciki da wannan ƙwarai, amma ina da damuwa guda, wato kada haɗin harsunan ya koma wani ƙa'idajjen salo da ake bugawa a ofis, a ce wa kowace yarinya ta jefa kalmomin Larabci biyu a amshi domin waƙa ta yi kasuwa. Idan irin waɗannan kamfanoni suka zo wa Lana da takarda, ba zan zarge ta ba in ta sa hannu, domin na ga irin wahalar da ake sha a bayan wancan tebur na sayar da riguna. Abin da zan so in sani a ranar shi ne wa zai mallaki faifan, kuma wa zai yanke hukunci a kan yawan Larabcin da zai shiga waƙa ta gaba.