Tafiyar Bishara da Gini Daga Sakkwato Zuwa Nijar: Yadda Ake Shirya Ta

Salama, 'yan'uwa. Yau za mu duba yadda ikilisiya a nan Sakkwato za ta tura tawaga ƙetare, ta gina ajin makaranta ko ƙaramar majami'a, ta kuma yi hidimar bishara. Ƙetaren da ya fi kusa da mu shi ne Nijar. Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 85 ce ko kusa da haka, kana tsallake iyaka kana Birnin Ƙonni, Hausarsu kuma kusan ɗaya da tamu. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga masu bishara: asibitin Galmi, gabas da Ƙonni, mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne ya buɗe shi tun 1950.

Kafin a nemi baiko ko na naira ɗaya, sai an sami gayyata daga ikilisiyar can. Su za su faɗi abin da suke bukata. A tura mutum biyu, dattijo ɗaya da magini ɗaya, wata uku kafin tafiyar. Su ga filin da idonsu, su ga takardarsa, su gaishe da mai gari tare da faston wurin, su auna nisan rijiya daga inda za a yi gini. Ginin da aka dasa a filin da ba shi da takarda, ranar da aka ɗora kwano ranar mai gādo zai bayyana.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Daga Maris zafi kan haura digiri 40, ga sanƙarau, daga Yuni kuma damina ta kama, kowa yana gona. Kowane matafiyi ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ya ɗauki gidan sauro. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka shugaban tawaga ya je ofishin shige da fice ya tabbatar da ƙa'idar ƙetarawa mako biyu kafin tashi. Ba a tafiyar dare a wannan hanya, ko kaɗan. Kuɗi kuwa sefa ne, kuma lissafin kasuwa da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. Idan mai yashi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Ma'ajin tawaga ya iya wannan tun daga gida.

To, mu zo kan ginin. Mu ɗauki aji ɗaya, mita 8 a tsawo, 7 a faɗi, bango mita 3. Kewayensa mita 30 ke nan. Bulo mai inci 9 guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Idan aka cire ƙofa da tagogi, bangon zai ci bulo wajen 800. Layi uku na fandisho zai ci wasu 200. A ƙara 100 saboda fashewa, a buga 1,100. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 zuwa 35. Mai buga bulo zai ce zai fitar da 45 ko 50 don ya burge ku da araha. Kada ku yarda. Irin wannan bulo da farce ma ana kankare shi, damina biyu ta ishe shi.

Siminti a saye shi can. Da yawa suna so su ɗauko na kamfanin Kalambaina da ke nan Sakkwato tunda shi suka sani, amma kuɗin mota da na kwastan kan cinye ribar, ga ɓata lokaci a bakin iyaka. Akwai kamfanin siminti a Malbaza, kusa da Ƙonni. Daga gida a tafi da kayan hannu kawai: cokalin gini, lebur na auna daidaiton gini, igiya, tef, zarto da guduma.

Ga inda tawagogi suka fi faɗuwa. Suna da kwana 10 ko 14, suna so su ga kwano a sama kafin su dawo don su nuna wa ikilisiya hoto. Siminti kuwa ba ya bin jadawalin kowa. Bulo na bukatar shan ruwa safe da yamma har kwana 7. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, tana zuƙe ruwan kankare kafin ya kama, sai a wayi gari ya tsattsage. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a ba mutum ɗaya aikin ban ruwa kaɗai, ba wani aiki. Dabarar ita ce maginan garin su buga bulo su zuba fandisho wata guda kafin tawaga ta iso. Idan ta iso, sai a tayar da bango tare, a zuba linta, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofa da taga.

Kwaɓin linta da ginshiƙai: buhu 1 na siminti, kwanon kai 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Rodi mai milimita 12 guda huɗu, a ɗaure da zobe mai milimita 8. Yashin ya zama na gulbi, marar laka. Ka damƙa shi a hannu ka buɗe. Idan ya bar jan tabo ya dunƙule, a mayar da shi. Lebura kan so ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin zuba, wannan kuwa shi ke raunana kankare. Lintar ta zagaye ginin gaba ɗaya, ba saman ƙofa da taga kaɗai ba. Tun tana ɗanya a dasa guntayen rodi a ciki, waɗanda za a lanƙwasa su rungume katakon rufi. Guguwar farkon damina a wannan yanki tana ɗauke rufin da aka riƙe da ƙusa kawai, ta yar da shi a gonar maƙwabci. Katako kuma a shafe shi da maganin gara kafin ya hau.

A biya maginan garin da leburorinsu cikakken lada. Bai kamata matasanmu su zo su yi kyauta aikin da wani magidanci ke ci da iyalinsa da shi ba. Su zama mataimaka, su ɗebo ruwa, su miƙa bulo.

Hidimar bishara faston wurin ne ke jagorantarta, domin shi zai zauna da mutanen bayan mun tafi. Yawancin maƙwabtansa Musulmi ne, zaman lafiyarsa da su ya fi kowane taro da za mu yi daraja. Ba a kunna lasifika lokacin salla. Ba a shiga gida sai da sallama da izinin mai gida, cikin gida kuma zumuntar mata ce ke shiga. Shirin yara sai iyaye sun sani sun yarda. Idan an kawo hatsi ko tufafi, a raba wa mabukata ba tare da sharaɗin zuwa sujada ba. Magani sai ta hannun ma'aikacin lafiya, da sanin hukumar lafiyar yankin, kuma a duba ranar lalacewarsa. Hoton mutum sai ya amince. Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi na Hausa a damƙa wa fasto, shi ya san wanda ke so.

Kafin a kama hanyar gida, a zauna da dattawan wurin a rubuta abin da ya rage: rufi, shafe, daɓe, ƙofa, tagogi, da kuɗin kowanne. A bar kashi 10 cikin 100 na kasafin a hannun kwamiti mai mutum uku, kowane kashewa da rasit. Bayan ruwan farko magini ɗaya ya koma ya duba rufi, da gindin bango ta gefen gabas inda ruwa ya fi duka.