Amsoshin Tambayoyinku: Mata a Aikin Soja

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata malamar makaranta a Zariya. Ta ce 'yarta ta kafe sai ta shiga soja, shi ne take tambaya ko mace tana kaiwa babban muƙami a Najeriya, ko kuwa jinya da aikin ofis ne iyakarta.

To Malama, a da kusan haka abin yake. Aderonke Kale, mace ta farko da ta zama Manjo Janar a sojan ƙasa a 1994, ta ɓangaren likitanci ta hau, domin likitar ƙwaƙwalwa ce. Sai a 2011 Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar 'yan mata kwas ɗin yaƙi tare da maza. A 2019 rundunar sojan sama ta yaye Kafayat Sanni a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile mai tuƙa helikwaftan yaƙi, wadda ta rasu a Kaduna a 2020. Saboda haka hanya a buɗe take, sai dai yarinyar ta shirya wa gumi.

Wani mai sauraro daga Maraɗi kuma ya ce, to waɗanda suka riga suka shiga fa, me ake yi don kyautata rayuwarsu?

Nan ne gizo ke saƙa. Ku duba rigar sulke kawai. Da ƙirar jikin namiji aka ɗinka ta, idan mace ta sa sai ta yi mata yawa a kafaɗa, ta hana ta saita bindiga yadda ya kamata. Amurka da duk dukiyarta sai a 2012 ta fara gwada wadda aka ɗinka don mata. Ga batun hutun haihuwa, ga wanda zai riƙe goyo idan an tura uwa daji wata da watanni.

Wanda ya fi ciwo shi ne cin zarafi. Ina kurtu za ta kai ƙara idan ogan da za ta kai wa shi ne mai laifin, ko abokinsa ne? Shi ya sa daga ƙarshen 2023 Amurka ta karɓe ikon shigar da irin waɗannan ƙararraki daga hannun kwamandoji, ta miƙa wa lauyoyin soja masu zaman kansu. A ganina wannan ya fi duk wani bikin ƙarin girma amfani.

Kada kuma a ɗauka alfarma ake yi wa mata sojoji. A shingen bincike a Borno, mace ce za ta caje mace ba tare da an keta mutunci ba, kuma matar da ta kuɓuto daga hannun Boko Haram ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar'uwarta mace abin da ya same ta.