Wa ya tafi, wa ya rage? Lacca kan ƙananan garuruwan karkara

Assalamu alaikum. Na can baya, in murya ba ta isowa ku ɗaga hannu.

Duk sanda aka fitar da sakamakon ƙidaya, jimilla mutane ke fara dubawa: garin ya ƙaru ko ya ragu? A ganina wannan tambaya ba ta kai mu ko'ina. Gari zai iya tsayawa a mutum 2,000 a ƙidaya biyu a jere alhali ya riga ya zama wani gari dabam, saboda 'yan shekara ashirin ne suka fita, masu ritaya suka maye gurbinsu.

Ƙaura zaɓe take yi. Wanda ya gama karatu, mai ƙarfi a jika, wanda bai ajiye iyali ba, shi ne ke fara ɗaura kaya. A Japan, a 2014, wani kwamiti ƙarƙashin Hiroya Masuda ya ajiye jimillar jama'a gefe, ya ƙirga mata masu shekara 20 zuwa 39 kawai. Ya ce ƙananan hukumomi 896 na iya rasa rabin waɗannan mata kafin 2040. Hikimar a bayyane take: in mai haihuwa ta tafi, ta tafi da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.

Me ke korar su? Mafi yawa inji ne. A 1900 kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan Amurka a gona suke, yau ba su kai kashi 2 ba, kuma abincin da ake nomawa ƙaruwa ya yi. Gona tana nan tana bayarwa, hannaye ne ta daina nema.

To, mu zo ga kuɗin shiga, inda na fi so ku natsu. Sau da yawa za ka ga matsakaicin kuɗin shiga ya hau a garin da ke bushewa, har shugabanni su riƙa tinƙaho. A ce gari mai gida 100. Gidaje 20 mafi talauci suka tashi neman aiki a birni. Babu wanda ya samu ƙarin ko sisi cikin waɗanda suka rage, amma lissafi zai nuna an ci gaba. Ko manomi ɗaya ya saye gonakin maƙwabta, ribarsa ita kaɗai ta ja matsakaicin sama. Shi ya sa masana suka fi son jera gidaje daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, su ɗauki na tsakiya. Shi ma ɗin, a ƙaramin gari, gidaje kaɗan sun isa su girgiza shi.

Sannan a tambaya: daga ina kuɗin ke zuwa? Na albashi da ciniki yana juyawa a gari. Na fansho da aiken 'ya'ya daga birni yana tsayawa ranar da aka binne mai karɓa.

Ku lura da makaranta, ita ke fara nuna alama. Bana aji ɗaya yara 9. Baɗi a haɗa aji biyu a hannun malama guda. Daga nan a rufe, a ce yara su bi mota zuwa garin gaba. Matasan ma'aurata da ke tunanin zama sai su fasa, asibiti ya rufe ɗakin haihuwa, wanda ya rage kuma ya ƙara samun dalilin tafiya.

Hatta dukiyar tsofaffi abin ya shafa, domin gida sai da mai saye yake da daraja. Binciken gidaje na Japan na 2023 ya samu kusan miliyan 9 babu kowa a ciki, da yawansu magada suna birni, ba su sayar ba, ba su kuma rushe ba.

An miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Bismillah, a fara tambayoyi.