Fadar Nizam ta Haidarabad da yadda mulkinsa ya ƙare a 1948

Assalamu alaikum jama'a. Yau daga harabar fadar Chowmahalla da ke birnin Haidarabad na ƙasar Indiya nake magana da ku, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba, domin tikiti kawai na yanka na shigo har gaban karagar mulki ba tare da dogari ko ɗaya ya tare ni ba. Rupi 200 mai adaidaita sahu ya karɓa ya sauke ni a bakin ƙofa.

Mai wannan fada, Mir Usman Ali Khan, Nizam (wato sarkin Haidarabad) na ƙarshe da ya yi mulki, ba ƙaramin sarki ba ne. Ƙasarsa tana da kuɗinta da kan sarkinta da jirgin ƙasanta da rundunarta, har mujallar Time ta buga hotonsa a 1937 a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a duniya. Da Turawan Ingila suka tashi tafiya a watan Agustan 1947, sai suka warware yarjejeniyoyin da ke tsakaninsu da masarautu sama da 550, aka ce kowane sarki ya shiga Indiya ko Pakistan. Akasarinsu sun sa hannu a takardar da Sardar Patel, ministan Indiya mai kula da harkokin masarautu, da sakataren ma'aikatarsa V. P. Menon suka shirya, suka miƙa wa gwamnatin Indiya da ke Delhi tsaro da harkokin waje da sadarwa. Shi kuwa Nizam, Musulmi mai mulkin talakawan da yawancinsu Hindu ne, ya ce zai ci gashin kansa, alhali Indiya ta kewaye shi ta kowace kusurwa, ko bakin teku ba shi da shi. A ganina an yi masa gurguwar shawara. Ranar 13 ga Satumban 1948 sojojin Indiya suka shigo, ranar 17 ya miƙa wuya, kuma dubban mutane, galibinsu Musulmi, sun hallaka a rikicin da ya biyo baya.

An lallashe shi da kujerar shugaban jiha har zuwa 1956 da alawus na rupi miliyan 5 duk shekara, amma a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke alawus da muƙaman sarakunan ƙasar baki ɗaya.

Namu sarakunan ba a ba su irin wannan zaɓi ba a 1960, kuma an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannunsu a zamanin Gowon, amma Gidan Rumfa har gobe gidan sarki ne, ba a yankar tikiti a Ƙofar Kudu. Wallahi na yi kewar Hawan Daushe.

Idan Allah ya kawo ku garin nan, ina jan kunnenku kada ku tayar da zancen 17 ga Satumba a gaban wanda ba ku sani ba, domin wasu suna kiranta ranar 'yanci, wasu ranar haɗewa, wasu kuma kakanninsu suka rasa a cikinta.