Amsoshin Tambayoyinku: Wai "boke" hoto ne ko barkwanci?

Jama'a barkanmu da war haka. Tambayar farko yau daga Damagaram ta zo, wani mai sauraronmu mai sana'ar ɗaukar hoto yace kullum yana cin karo da kalmar bokeh a harkar kyamara, sai abokinsa yace masa ai a Japan da ita ake kiran ɗan barkwanci, shine yake so a raba musu gardama.

Toh malam, kai da abokinka duk kuna da gaskiya wannan karon. Kalmar daga bokeru ta fito, wato abu ya dusashe ko hankali ya ɗan gushe, shi yasa bayan hoto in yayi dishi-dishi suke cewa boke, h ɗin ƙarshe Turawa ne suka liƙa don a furta daidai. Wanda ya sauka daga jirgi dare da rana suka rikice masa kuma jisa-boke ke damunsa.

Amma inda tafi armashi shine wasan barkwanci na manzai, wanda cibiyarsa birnin Osaka ne. Mutum biyu ne a gaban makirufo ɗaya, shi boke aikinsa sakin baki da gangan, a ce gabas yace yamma, ɗayan kuma tsukkomi yana tsaye yana jira, da ya kwafsa sai ya daka masa tsawa "nande ya nen!" wato kai wannan wane irin zance ne, wani lokacin har ya ɗan make shi a ka, kuma duk cikin sauri ake yi ba numfashi. Ni dai a ganina wawan nan shine mai aikin wahala, don in wautar bata faɗo kan gaɓa ba tsawar ma ta tashi a banza. Kuma fa ba wasan yara bane, kamfanin Yoshimoto tun 1912 yake wannan harka a Osaka, gasar manzai ta M-1 da aka fara a 2001 kuwa yen miliyan 10 ake ba waɗanda suka lashe.

Wanda shirmensa halitta ce ba shiri ba, tennen boke ake ce masa, da sigar tsokana.

Sai dai kayi hattara malam, ka kalli mutum ka ce "boke!" zagi ne tsagwaronsa, kamar ka ce masa sakarai. Haka ma tsohon da gigin tsufa ya kama, jifarsa da kalmar rashin ladabi ne, a asibiti ninchisho suke cewa. Mu je tambaya ta gaba.