Ƙofar da Muke Buɗewa da Hannunmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa mahalarta, da zarar an ambaci tsaro a intanet, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wani gwanin kwamfuta da ke ɓoye a wata ƙasa yana fasa shafukan jama'a. Masu kutse irin waɗannan suna nan, ba shakka, amma a ganina yawancin ɓarnar da ke samun mai waya a kafafen sada zumunta, shi ne da kansa yake buɗe mata ƙofa, kuma idan ta shigo ba a kansa kaɗai take tsayawa ba.

A shekarar 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica na Ingila, mai ba 'yan siyasa shawara kan yaƙin neman zaɓe, ya mallaki bayanan masu amfani da Facebook da yawansu ya kai miliyan 87. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, mutanen da suka shiga manhajar da ta kwashi bayanan kimanin 270,000 ne kawai. Tambayoyi ne aka shirya musu na gwajin halin mutum, suka amsa, suka danna alamar amincewa, kuma a wancan lokaci tsarin Facebook yana barin manhaja ta ɗebi bayanan abokan wanda ya amince. Saboda haka sauran miliyoyin ba su ga tambayoyin ba, ba su danna komai ba, abota ce kawai ta ja musu. A shekarar 2019 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5, amma tara ba ta mayar wa kowa sirrinsa.

Wani zai ce, to ni mene ne nake da shi da har za a sata? Wannan tambaya tana damuna ƙwarai, domin ita ce ke sa mutum ya saki jiki. Yau ka wallafa ranar haihuwarka, gobe ka yi wa mahaifiyarka addu'a ka ambaci cikakken sunanta, jibi ka ɗora hoton ƙofar gidanka, wata rana kuma hoton tikitin jirgi da ke nuna ranar da za ka bar gidan. Kowanne daga cikinsu ba wani abu ba ne, amma ɗan damfara mai haƙuri ne, tara su yake yi ɗaya bayan ɗaya har su ishe shi ya amsa tambayoyin da banki ke yi don tantance ka, ko ya kira ɗan uwanka ya yi masa magana kamar wanda ya san gidanku ciki da waje. Ko sojoji ba su tsira daga wannan ba: a farkon 2018, taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta fitar ta nuna fasalin sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afghanistan, saboda kawai sojojin suna gudun motsa jiki alhali na'urorinsu masu nuna inda suke suna aiki.

Bari in ɗan tsaya a kan lambobi shida na WhatsApp, domin nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Duk wanda ya san lambar wayarka yana iya ƙoƙarin buɗe WhatsApp ɗinka a tasa wayar, kuma abin da ya rage masa kawai shi ne lambobi shida da kamfanin zai turo maka ta saƙon tes. Sai ya kira ka da ladabi, ya ce ya tura lambobi zuwa wayarka bisa kuskure, ko ya ce ana shirya wani taro ta intanet kuma lambobin su ne shaidar shiga. Kana karanta masa su, shafin ya bar hannunka, sai ya shiga neman kuɗi wurin 'yan uwanka da sunanka, su kuwa su tura domin sun yarda da kai. Lambobin nan ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Sannan kowa ya shiga saitin manhajar ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato wasu lambobin sirri da shi kaɗai ya sani, aikin da bai kai minti biyu ba.

Batun kalmar sirri kuwa gajere ne. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma ɓarayi sukan gwada kalmar da suka samo a wani shafi a sauran shafuka. Kowane shafi a ba shi tasa, mai tsawo, wadda babu sunanka ko shekarar haihuwarka a ciki.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne bayanan waɗanda ba a tambaye su ba. Uba ya ɗora hoton 'yarsa sanye da kayan makaranta, sunan makarantar ya fito ƙarara. Wani ya ɗauki ɗan uwansa kwance a gadon asibiti ya watsa don neman addu'a. Niyyar mai kyau ce, amma magana zarar bunu ce, kuma goge hoto daga shafinka ba ya goge shi daga wayar wanda ya riga ya adana. A tambayi mai hoto tukuna, yaro kuwa da bai isa a tambaye shi ba, amanarsa tana wuyan iyayensa.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa wa mutum aka ƙwace masa WhatsApp, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da 'yan uwa da abokai nan take ta kiran waya cewa kada su tura wa kowa kuɗi da sunansa, sannan ya sake yin rajista da lambarsa, domin shigar da sababbin lambobi shida tana fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa nasa lambobin sirri na mataki na biyu, mai shafin yana iya jira har kwana 7 kafin ya samu shiga, kuma a cikin kwanakin nan ya ci gaba da gargaɗin mutanensa.