Fasfon Finland a Hannu, Amma Jirgi Ya Tashi Ya Bar Ka

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Wannan da kuke gani filin jirgin saman Helsinki-Vantaa ne, a watan Disamba. Ƙarfe uku da rabi na yamma rana ta riga ta faɗi, waje kuwa ƙanƙara ce ta rufe ko'ina. A irin wannan lokacin ne mutanen Finland suke haɗa kaya su nufi inda za su ga rana, wasu tsibiran Kanari na Sifaniya, wasu Tailan, wasu Florida ta Amurka.

To ku ƙaddara ga wani magidanci a layin awon kaya, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu, Amurka za su. Ya miƙa fasfo huɗu. Ma'aikaciyar ta goga na farko ya wuce, na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Da ta zo kan na jaririn sai ta ɗago kai ta ce wannan ba shi da izini. Mutumin ya cike wa kansa fom ɗin neman izinin shiga Amurka ta intanet, ya cike wa matarsa da babbar 'yarsa, ya ɗauka ɗan goye ba ya bukata. Tikiti an biya, otal an biya, saura awa biyu jirgi ya tashi. Abin da ya tsayar da shi bai fi aikin minti ashirin a waya ba, da ya yi shi tun mako guda da ya wuce.

Fasfon Finland yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi a duniya. Mai riƙe da shi yana iya shiga wurare kusan 190 ba tare da ya je ofishin jakadanci neman biza ba. Kuma wannan ƙarfin shi ne ke sa mutum ya saki jiki. Wanda ya saba da jerin gwanon neman biza ya san dole ya shirya tun da wuri, shi kuwa wanda aka ce masa "ba ka bukatar biza" sai ya ji kamar an ce masa "ba ka bukatar komai". Maganar ba haka take ba yanzu. Ƙasashe da dama sun ɗauke binciken da ake yi a bakin iyaka sun mayar da shi cikin wayarka, kwanaki kafin ka baro gida. Ka cike fom, ka biya ɗan kuɗi, kwamfutocinsu su duba sunanka, sannan su manna izinin a jikin lambar fasfonka. Ba takarda, ba hatimi. Kamfanin jirgi yana gani a nasa allon, idan bai gani ba kuwa ba zai ɗauke ka ba, domin in ya kai ka aka ƙi karɓar ka, shi ne zai sha tara kuma shi ne zai dawo da kai.

Mu fara da na Amurka, don shi ya fi yawan ƙa'idoji. Sunansa ESTA. Finland ta shiga jerin ƙasashen da Amurka ta yafe wa biza a 1991, amma tun daga watan Janairun 2009 sai da ESTA ake hawa jirgi. Yana aiki tsawon shekara biyu, kowace ziyara kuma ba za ta wuce kwana 90 ba, don yawon buɗe ido ko ɗan taron kasuwanci. Ba izinin aiki ba ne, ba na zaman karatu ba ne. Kuɗinsa ya daɗe a dala 14, ya koma 21 a 2022, sannan ya haura zuwa dala 40 a ƙarshen Satumban 2025. Hukumar da ke bayar da shi tana ba da shawarar a nema aƙalla awa 72 kafin tafiya. Sau da yawa amsa takan fito cikin ɗan lokaci, amma wani lokacin sai a ajiye takardarka ana dubawa, kuma babu wanda za ka kira ya gaggauta maka.

Ga wurin da nake so ku kasa kunne sosai, musamman 'yan'uwanmu da suka zauna a Finland har suka samu takardar zama 'yan ƙasa. A cikin fom ɗin akwai tambaya a kan inda ka taɓa zuwa. Duk wanda ya taka Iran, Iraki, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya, Yaman ko Koriya ta Arewa daga ranar 1 ga Maris 2011 zuwa yau, ya fita daga tsarin ESTA, ko da fasfonsa na Finland ne sabo fil. Haka wanda ya je Kuba daga 12 ga Janairun 2021. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Finland, inda Somalawa da 'yan Iraki suke da yawa, kuma mutum kan koma gida ganin iyaye ko jana'iza. Ya shafi namu ma. Wanda ya yi aiki a Libiya kafin ya tsallaka Turai, ko Bahaushen Sudan da ya je gaishe da dangi, dokar ta hau kansa. Wanda yake riƙe da fasfon Sudan ɗin a haɗe da na Finland shi ma haka. Ba a ce an hana shi shiga Amurka ba. Abin da aka ce shi ne ya nemi biza ta asali, ya je a yi masa tambayoyi ido da ido a ofishin jakadancin Amurka da ke Helsinki, kuma wannan aikin makonni ne ko watanni. Don Allah kada wani ya ce bari ya amsa "a'a" tunda tsohon fasfon mai hatimin ya ƙare. Ƙarya a wannan fom ɗin tana iya jawo wa mutum haramcin shiga na har abada, alhali gaskiya jinkiri kawai za ta jawo.

Abu na biyu, izinin a jikin fasfo yake, ba a jikin mutum ba. A Finland 'yan sanda ne ke bayar da fasfo, kuma ba ya wuce shekara biyar, saɓanin ƙasashen Turai da dama da ke bayar da na shekara goma. Saboda haka yana saurin ƙarewa. Ranar da ka karɓi sabo, ESTA ɗin da ke kan tsohon ya mutu, ko da saura masa shekara guda da rabi. Wanda ya sauya suna bayan aure shi ma sai ya sake nema. Shi ya sa nake cewa fasfo za a fara dubawa kafin komai. Wasu ƙasashen, irin su Tailan da Indunusiya, suna so ya kasance da sauran wata shida a gabansa ranar da za ka shiga.

Yanzu ku dubi wannan shafin fasfon da kyau. A sama an rubuta sunan iyali, bari mu ɗauki Hämäläinen, ɗaya daga sunayen da suka fi yawa a ƙasar. Kun ga ɗige-ɗigen da ke kan haruffan. Sai ku sauko da ido ƙasa, wurin layuka biyun nan masu cike da alamomi kamar kibiya, waɗanda na'ura ke karantawa. A nan sunan ya koma HAEMAELAEINEN. Harafin ä ya zama AE, ö ya zama OE, å ya zama AA. Mutum ɗaya, rubutu biyu. Idan za a cike fom, a bi umarnin fom ɗin, a tabbatar abin da aka rubuta ya dace da abin da na'ura za ta karanta. Sai kuma lambar fasfo. Sifili da harafin O kamanninsu ɗaya a ƙaramin allon waya, haka lamba 1 da harafin I. Idan ka yi kuskure za a iya amince maka, imel ya shigo, hankalinka ya kwanta, alhali izinin yana manne da lambar da ba taka ba. Ba za ka sani ba sai a gaban ma'aikaciyar nan. Manhajojin hukuma da ke karanta fasfo da kansu ta hanyar ɗora waya a kansa sun rage wannan matsalar sosai, kuma ni su na fi so mutane su yi amfani da su.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan harkar shi ne shafukan 'yan tsakiya. Ka rubuta ESTA a Google, sau da yawa talla ce za ta fara fitowa. Shafi ne mai tutar Amurka, an rubuta shi da harshen Finland tsaf, har da hoton mikiya. Za su karɓi ninkin kuɗin sau biyu ko uku, su kwafe bayananka su cike fom ɗin da kai ma za ka iya cikewa. Waɗannan masu sauƙin ke nan. Wasu kuɗin kawai za su karɓa, ka kuma ba su hoton fasfonka da lambar katin bankinka da hannunka. Duba ƙarshen adireshin. Na Amurka yana ƙarewa da .gov, na Birtaniya yana kan gov.uk, na Kanada yana kan canada.ca. Hanya mafi aminci ita ce ka shiga shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Finland, ka buɗe bayanin ƙasar da za ka, ka bi daga nan.

Sauran ƙasashen bari mu bi su da sauri. Birtaniya ta fara neman nata izinin, ETA, daga Turawa ranar 2 ga Afrilun 2025. Ya fara a fam 10, cikin kwanaki ya koma 16, yana aiki shekara biyu, kuma katin shaidar ɗan ƙasa ba ya kai ka Landan, sai fasfo. Na Kanada dala 7 ne na kuɗinsu, yana kaiwa shekara biyar, ga masu shiga ta jirgin sama. Ostiraliya tana bai wa 'yan Finland eVisitor kyauta. New Zealand tana da NZeTA, da harajin baƙi na dala 100 na kuɗinsu a kai. Tailan tun watan Mayun 2025 tana so a cike katin isowa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka, kuma kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi a kansa ba hukuma ba ne. Saudiyya tun 2019 tana bai wa 'yan Finland biza ta intanet, ana Umara da ita amma ba a Hajji. Farashin nan duk yana sauyawa, a duba shafin hukuma ranar da za a biya.

A kula da yada zango. Mai zuwa Meziko ta New York, ko da awa biyu zai yi a filin jirgi, sai da ESTA. Mai bi ta Toronto sai da izinin Kanada. Tikiti mai araha sau da yawa irin wannan hanyar yake bi.

A cikin Tarayyar Turai kuwa ɗan Finland ba ya neman izinin kowa. Katin shaida ya isa, ko fasfo. Amma lasisin tuƙi ba takardar tafiya ba ce, ko a jirgin ruwan nan na awa biyu daga Helsinki zuwa Tallinn. Shi kuma ETIAS da ake ta magana, izinin intanet ne na baƙin da ke shigowa Turai ba tare da biza ba, bai shafi mai fasfon Finland ba.

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a can da katin izinin zama na Migri, hukumar shige da fice ta Finland, ku bambance. Katin yana ba ku damar zagaya ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, kwana 90 cikin kowane 180. Bai mayar da fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana na Finland ba. Abokin karatunku zai cike ETA a waya ya tafi Landan, ku kuwa biza za ku nema.

Sauran abu biyu, ba dole ba ne amma ina roƙo a yi su, don shirin zaune ya fi na tsaye. Na farko sunansa matkustusilmoitus, wato sanarwar tafiya. Kyauta ne, ka shaida wa Ma'aikatar Harkokin Waje inda za ka, da ranakun, da lambar wayarka. A ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004, 'yan Finland 179 suka rasu, kusan dukansu a gaɓar tekun Tailan, kuma hukumomi sun sha wahalar gano wa ke can da wa ba ya can, iyalai suna ta kira ba amsa. Idan ka yi sanarwar, ranar da wani abu ya faru sunanka yana gabansu, saƙo zai same ka a waya.

Na biyu inshora. Hukumar Kela, mai kula da jin daɗin jama'a a Finland, tana bayar da katin lafiya na Turai kyauta, da shi za a duba ka a asibitin gwamnati a Sifaniya ko Girka kamar ɗan gari. Ba ya aiki a Amurka, ba ya aiki a Tailan, kuma ko a Turai ba ya biyan kuɗin jirgin da zai dawo da marar lafiya gida. Wannan sai inshorar tafiya. Kafin ka biya, buɗe takardar ka duba abu biyu: ko ta ƙunshi dawo da marar lafiya gida, da kuma yawan kwanakin da take rufewa a tafiya ɗaya, domin mai niyyar yin duk hunturu a waje zai iya wuce adadin bai sani ba.

Mu kwana nan, sai a bidiyo na gaba.